Aike Kaɗai Ba Zai Tsare Ƙauye Ba

Da wuya a sami mutumin Arewa mazaunin Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Alaba Rago, wanda gabansa ba ya faɗuwa in wayarsa ta yi ƙara da tsakar dare, ya duba ya ga daga gida ne. A da, saƙon gida a bakin direban mota yake zuwa, kuma ba ya wuce haihuwa, ko aure, ko rasuwar tsoho. Yanzu kuwa sau da yawa labari ne na an shigo gari, an kora shanu, an tafi da wane da wance daji, ana neman kuɗi kafin rana kaza. Kashegari sai a zagaya masallatai da takarda, mai gadi ya ba da nasa, mai shayi da ɗan dako da ɗan acaɓa su ba da nasu, a haɗa a aika. Wannan zumunci abin yabo ne, Allah ya saka da alheri. Amma a ra'ayinmu aike kaɗai ba zai tsare ƙauye ba, kuma lokaci ya yi da mazauna Kurmi za su haɗa shi da wani abu.

Dattawan cikinmu sun san yadda ƙauye yake a da. Manomi yakan bar damman gero a gona har ya sami sukunin kwashewa. Bayan girbi Bafillace yakan sauka da garkensa a gonar, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san da shi, shi kuma ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Ba mu ce zamanin nan babu zalunci ba, amma dai akwai wanda ake kai wa ƙara, akwai kuma wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Daga baya aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya a zamanin Janar Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon masu sarauta, amma ba a kai wa ƙauye abin da zai maye gurbinsu ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye burtali da makiyaya, shari'ar ɓarnar gona ta zama hanyar tatsar talaka. Cikin wannan giɓi ɓarayin shanu suka yi ƙarfi, har suka zama 'yan bindigar da muke gani yau.

A watan Afrilu na 2014, a ƙauyen 'Yar Galadima cikin ƙaramar hukumar Maru ta Jihar Zamfara, jama'a sun taru don su shawarta yadda za su kare kansu, sai aka far musu a wurin taron. Mutanen garin sun ce sun binne fiye da mutum 100. Shekara 11 bayan haka, a watan Agusta na 2025, aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau cikin ƙaramar hukumar Malumfashi ta Jihar Katsina, aka kashe mutane da dama, kuma an ce ramuwa ce don mutanen garin sun taɓa tsayawa sun fuskanci maharan. Tsakanin waɗannan biyu, kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019, wanda tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya shugabanta, ya ba da rahoton cewa daga 2011 mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu a jihar, yara fiye da 25,000 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 sun bar gidajensu, an kuma biya fansa fiye da Naira miliyan dubu 3. Wannan lissafin jiha ɗaya ne tak. Wasu dubbai sun tsallaka iyaka sun fake a ƙasar Maraɗi.

Hanyoyi uku aka fi bi, kuma kowa ya ga ƙarshensu. Ta farko ita ce biya. Babu mai zargin wanda ya sayar da gonarsa don ya fanshi uwarsa. Amma gaskiya ɗaya ce, kuɗin da aka tara a Agege da gumi shi ne yake komawa babur da harsashi, kuma garin da ya biya harajin shuka sai ya biya na girbi. Ta biyu ita ce 'yan sa-kai. An sami jarumai cikinsu, amma an sami waɗanda suka kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba a tsakiyar kasuwa, wannan kuwa ya ƙara wa wutar makamashi. Ta uku ita ce sulhu, irin wanda Zamfara da Katsina suka yi a 2019, bai daɗe ba ya rushe. Ko rufe layukan waya da kasuwannin mako da aka yi a watan Satumba na 2021, talaka ya fi ɗan bindiga jin jiki. Darasin da ke ciki shi ne, ƙauye shi kaɗai ba ya iya tare wannan ambaliya, sai hukuma ta tsaya a bayansa tsayuwa ta dindindin. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya ɗora tsaron jama'a da jin daɗinsu a wuyan gwamnati kafin komai. Hakki ne, ba alfarma ba.

Kada wani ya ce nisan Ikko ya raba shi da wannan magana. Yaron da aka hana noma, motar Kurmi yake hawa, ya sauka a Zango ba sana'a, ba masauki. Tun da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni na 2022, ta kuma ƙara wasu daga baya, ƙofar da irin waɗannan samari suka fi shiga ta ƙuntata. Maƙwabtanmu Yarbawa ma abin ya shafe su, gama sun ga yadda tumatir da albasa suka yi tsada a kasuwar Mile 12 a farkon 2021, lokacin da fataken abinci suka tsai da lodi na 'yan kwanaki kawai. To, ina ga gonar da aka bari shekara da shekaru?

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawarwari huɗu. Na ɗaya, kowace ƙungiyar 'yan gari da ke Legas ta buɗe littafi, ta rubuta ranar kowane hari, da sunan wanda aka kashe ko aka ɗauke, da yawan dabbobin da aka kora, da kuɗin da aka biya. A riƙa kai wa shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha, da na tarayya, a kuma ba 'yan jarida. Mutumin ƙauye yana tsoron buɗe baki don maharin yana jin sa. Mu da muke nesa muna da damar da ba shi da ita. Kuka a shiru ba ya kawo ɗauki, amma lissafi a rubuce yana da wuyar musu.

Na biyu, a ware asusu na iri da taki da ciyar da marayu, a riƙa karanta shiga da fitarsa a bainar jama'a, kada taimako ya tsaya ga ranar fansa kaɗai. Na uku, a riƙe baƙi. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin sana'o'i su san duk yaron da ya sauka, a taimake shi ya yi katin ɗan ƙasa da rajistar mazauna Legas, a koya masa sana'a, wanda kuma aka san hannunsa da jini kada a ba shi mafaka. Na huɗu, dillalan shanu da mahautanmu su tabbatar da asalin kowace dabba kafin ciniki, gama ba don mai saye ba da ɓarawo bai yi sata ba. A kuma kame baki game da wanda ya aika kuɗi gida da nawa ya aika, don masu kai rahoto suna da kunne.

Ga hukuma kuwa, ba mu raina ƙoƙarin da aka yi ba, kamar dakarun tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024. Amma ma'aunin nasara ɗaya ne, shi ne manomi ya je gonarsa mai nisa ya dawo lafiya. Wannan yana bukatar jami'an tsaro masu kwana a ƙauye, ba masu zuwa bayan jana'iza ba, da hanyar mota, da layin waya, da kotun da za ta yi wa manomi da makiyayi adalci daidai wa daida. Duk mai neman ƙuri'armu, ko ɗan wace jam'iyya ne, a buɗe masa littafin nan a tambaye shi abin da ya yi.

Kakanninmu da suka sauka Agege don fataucin goro ba su zo don su manta da gida ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke daji, ya mai da kowane manomi gonarsa cikin aminci, amin.