Wasiƙa Zuwa ga Maginan Tukwane na Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Iyayena magina, maza da mata, na Kwatarkwashi da Bungudu da Tsafe da Gusau. 

Wata al'ada ta kankama a gidajen tarihi da ɗakunan baje kolin zane na duniya, ta kuma iso ƙasar nan: maimakon a bar mutane su zagaya suna leƙen kaya ta cikin gilashi, sai a shimfiɗa tabarma a zaunar da su, a ba su yumɓu ko fenti ko zare su gwada da hannunsu. Ranar 18 ga Mayun kowace shekara, wadda aka keɓe wa gidajen tarihi, 'yan makaranta kan cika irin waɗannan wurare. Ba da jimawa ba wani zai yi muku sallama da takarda a hannu, daga makaranta ko wata ƙungiya ko ofishin al'adu, ya ce ku zo ku nuna wa yara yadda ake ginin tukunya. Shawarata ita ce ku amsa, amma da matsayin malamai za ku je, kada ku yarda a ajiye ku a gefen rumfa kamar kayan kallo. Ku kuma kafa sharaɗi cewa karatun zai fara daga ramin yumɓu ya ƙare a matoya. Dalilina yana binne a ƙasar da kuke takawa.

A shekarun 1990 aka yi ta haƙa a kewayen dutsen nan naku, dutsen da da can aka fi saninsa da bikin kamun maiki, ana tono gasassun siffofi na yumɓu waɗanda masana ke ƙiyasta shekarunsu da kimanin dubu biyu. Dillalan Turai sun fi kiran irinsu da sunan Sakkwato, masu kauri a gira kamar an yi fushi, wasu da gemu. Mutanen karkara suka yi wahalar haƙa, aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuwa suka bi ta kan iyaka sai Beljiyam da Faransa. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa siffofin Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. A shekarar dai aka baje a gidan tarihi na Louvre da ke Faris biyu daga cikin siffofi uku na Nok da Sakkwato da Faransa ta saya, aka yi ta ka-ce-na-ce, har a 2002 Faransa ta amsa cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Kada wani ya ce rashin doka ne ya jawo. Tun 1979 dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Doka tana nan aka kwashe. Abin da babu shi ne mutanen gari da za su dubi abin da aka tono su gane aikin magini ne irinsu, wanda ya san inda yumɓu mai kyau yake, ya san wuta, ko da ba a san yarensa ko addininsa ba. Wanda bai ɗauki abu nasa ba, kowa ya taya zai sallama.

To wa zai koya wa yaro wannan ganin? Malamin tarihi yana iya faɗar shekaru, amma ku ne ke karanta tsingaro. In aka miƙa wa tsohuwar magina ɓallin tukunya, za ta juya shi ta dubi karayar. In ta ga baƙi a tsakiya, ja a baki biyu, ta san wuta ba ta ratsa ba. Ta murza da yatsa ta gane ko yashi aka haɗa ko dakakken tsingaro. Ta shafa bayan ta ce nan igiya aka mirgina, nan kuwa a kan tsohuwar tukunya aka kifa aka buga. Masu binciken ƙasa sai sun yi shekaru a jami'a suke kama gefen wannan sanin. Tsingaron kuma ba abin rainawa ba ne. A 2021 masana na jami'ar Bristol ta Ingila da ta Frankfurt ta Jamus suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɓallayen tukwanen Nok, suka sami alamar kakin zuma ya shige jikin yumɓun, shaidar cewa shekara 3,500 da suka wuce mutanen wurin suna ɗibar zuma. Tukunyar girki ce ta ba da wannan labari, irin wadda masu haƙa ke farfasawa su watsar suna neman kai mai tsada. Yaron da ya taɓa cuɗa yumɓu da ƙafarsa, ya jira kwanaki tulunsa ya bushe, ya ga na abokinsa ya fashe a wuta nasa ya tsira, in ya girma garmarsa ta tono tsohon kasko a gona zai tsaya ya duba kafin ya tuna da dillali.

Na san abin da zai fara zuwa bakin wasunku, kuma magana ce mai nauyi. Zamfara, jihar da ta riga kowa shelar shari'a a 1999, ba wurin da za a tara yara ana gina mutum-mutumi ba ne, hanin da ya zo kan surar abu mai rai kuma sananne ne. Ban ce ku gina ba. Ajin da nake nufi na tulu ne da randa da asusu da tandar waina da kaskon turare da shantalin alwala, abubuwan da ke cikin gidan kowane malami. Adonsu ma zane ne na layi da ɗigo da dagi, irin na bangon zaure. Batun tsofaffin siffofin kuwa, ajiye abu a san labarinsa daban, girmama shi daban. Malamanmu sun sha yi mana wa'azi da mu dubi yadda al'ummomin da suka gabata suka ƙare, to da me za a duba in an sayar da shaidar duka? Ku je wa limami da mai unguwa da maganar tun kafin a shimfiɗa tabarmar farko, ku nuna musu abin da za a gina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai yadda ajin zai kasance, kuma nan na fi so ku tsaya kai da fata. Yawancin abin da ake kira horon fasaha na yini guda ne: a kawo yumɓun da wani ya riga ya cuɗa, yara su mulmula, a ɗauki hoto, a raba lemo, a watse. Washegari an share ɗanyun tukwanen an zubar. Wannan wasan ƙasa ne. Ku kun san yumɓu sai an jiƙa shi ya kwana, an tsince tsakuwa, an haɗa an tattaka. Kun san tulu ba ya ginuwa a zama ɗaya, sai gindi ya sha iska kafin ya ɗauki wuya. Sai shafa jar ƙasa, sai goge shi har ya yi sheƙi, sai bushewa a inuwa don rana ko iskar hunturu kada su tsaga shi, sannan a jera a matoya a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Aji bai cika ba sai ɗalibi ya tsaya ya ga an cinna wutar, ya dawo ya ƙwanƙwasa tulunsa da yatsa ya ji ko ya yi ƙara ko ya yi gum. Makonni ke nan, kuma haka za ku faɗa wa mai gayyata. A Oshogbo ajin 'yan kwanaki da Georgina Beier ta yi a 1964 ya fitar da masu zane irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh, gaskiya ne, amma don ba a sallame su bayan kwanakin ba ne, an ci gaba da ba su wurin aiki da kaya da masu saye.

Za a ambata muku Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a matsayin abin koyi. Ta cancanta. Sai dai ku lura da jerin labarin. A wajen gwaggonta ta koyi gini a ƙasar Gwari, ta ƙware har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta, a nan wani Baturen magini, Michael Cardew, ya gan su. Da ta shiga makarantar tukwanensa da ke Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954, ta shiga da sana'arta a hannu. Abin da makarantar ta ƙara mata shi ne wuta mai tsanani da ruwan gilashin da ake shafawa, suka kai ta Landan da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma randar da aka shafe da gilashi ta daina tsatsafa, wadda ba ta tsatsafa kuwa ba ta sanyaya ruwa, ta koma kayan ado a falon mai kuɗi. In baƙon malami ya zo da injin juyi da kayan shafe, ku karɓi abin da zai amfane ku, kada ku bari a sa wa yara raina wutar kara. Ku kuma tambaya mene ne cikin abin shafen, don wasu irinsa da dalma ake haɗawa, mutanen Zamfara kuwa ba sa bukatar a ba su labarin dalma bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

Saura ƙorafi biyu da ke tafiya tare. Wani zai ce sana'ar gado ce, in an koya wa bare me ya rage wa 'ya'yan gida? Wani ya ce roba da tukunyar ƙarfe sun riga sun cinye kasuwa, a koya wa yaro abin da ba zai ci da shi ba don me? Na biyun ya amsa na farkon. Gadon da 'ya'yan gida ke gudu zuwa acaba da haƙar zinariya, ɓoye shi ba zai tsare shi ba, mai saye shi ke tsare shi, kuma yarinyar da ta gina asusunta da hannunta ita ce matar auren da gobe za ta nemi randa a ɗakinta. Kasuwar ma ba ta mutu yadda ake faɗa ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa kuma ɗan gidan magina, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma, tumatir da yalo suka riƙa kwanaki ba su lalace ba babu lantarki. Magina ya ba aikin suka gina dubbai, ya kuma sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tsatsafar nan da gilashi ke toshewa ita ce duk dabarar. Wanda ya san yumɓu tun yana yaro ne ke iya hango irin wannan. Game da lada, ku yanka kuɗin koyarwa tun farko kamar yadda kowane malami ke yi, a biya yumɓu da kara daban, a kuma rubuta sunan magini a jikin duk abin da aka baje.

Ba na mantawa da halin rashin tsaro da hanyar Gusau zuwa Tsafe ke ciki, da ramukan yumɓun da suka yi nisa da gari har zuwa can ya zama kasada. Kada a kai 'ya'yan mutane daji saboda aji. Manya su ɗebo daga inda ake iya zuwa, a zube a ƙofar gida ɗanye yadda aka haƙo shi, da tsakuwarsa da saiwarsa, yara su fara daga nan. Ba kuma sai an jira an gina gidan tarihi mai bene ba. Zauren mai unguwa ya isa, ko inuwar makarantar firamare bayan an tashi, a lokacin rani da kara ya wadata. A kusurwa a ajiye kwando guda na tsingaron da ruwan sama ya wanko ko garma ta tono, kowanne da 'yar takarda mai sunan gonar da aka tsince shi da ranar, yaran da suka iya rubutu su riƙe littafin. Wanda ya ci karo da abin da ya fi tsingaro ya bar shi a inda yake, ya rufe da ƙasa, ya gaya wa mai unguwa a kai maganar fadar Mai Kwatarkwashi, daga can a sanar da hukumar gidajen tarihi.