Kafin A Amince Da Alƙaluma, A Tambayi Mutum Nawa Aka Ƙirga

Tun ƙidayar shekarar 2006 ba a sake ƙirga jama'ar Nijeriya gida-gida ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. Saboda haka wasu daga cikin alƙaluman da ake tsara ayyuka da su a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa daga binciken gidaje ƙalilan ake samo su.

Wannan hanya ba ta da laifi, amma tana da iyaka. A ce rabin yaran Faskari ne ke zuwa makaranta. Wani jami'i ya zaɓi yara 100 ta hanyar ƙuri'a, ya sami 44 'yan makaranta. Wani ya zaɓi nasa 100, ya sami 57. Babu wanda ya yi ƙarya, sa'ar zaɓe ce ta bambanta. Masana lissafi sun nuna cewa idan yara 100 aka ɗauka, sau 95 cikin 100 kuskuren ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Idan yara 400 ne, sai ya dawo kashi 5. Wato sai an ninka yawan sau huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi.

Akwai kuma kuskuren da yawa ba ya maganinsa. Idan tsoron 'yan bindiga ya hana jami'ai shiga ƙauyukan bakin daji, ko yara dubu suka tambaya a cikin gari, labarin gari kaɗai suka samo.

Don haka wajibi ne kowane rahoto ya bayyana yawan waɗanda aka tambaya, da yadda aka zaɓe su, da ƙauyukan da ba a kai gare su ba, kafin a yi amfani da shi wajen raba malamai da magunguna.