Mota na magana, ana toshe mata baki: fitilun gaban direba da rayukan da ke kan hanya

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Maraɗi zuwa Damagaram, ko daga Ƙonni zuwa Tawa, in ya samu kujerar gaba ya leƙa allon da ke bayan sitiyari, wanda makanikai ke kira tablo, zai ga abin da ya zama ruwan dare. Wata fitila ruwan ɗorawa tana ci tun daga tasha har a sauka. A wata motar an manna baƙin salatef a kanta, a wata kuma an jingina kati ko hoto ya rufe ta. Bel ɗin kujera an zagayo da shi ta baya an maƙala, domin ƙarar da ke damun direba ta yi shiru. In aka tambaya, amsar ba ta wuce cewa haka motar ta zo, kuma ga shi tana tafiya lafiya lau.

Tana tafiya ɗin, gaskiya ne. Sai dai waɗannan fitilu ba ado ba ne. Su ne kaɗai hanyar da mota ke da ita ta shaida wa mai tuƙa ta cewa wani abu ya lalace a inda ido ba ya gani. Al'adar kashe su a maimakon gyara abin da ya kunna su ta kai matsayin da ya kamata magabata su ɗauke ta a matsayin matsalar tsaron hanya, kamar gudun wuce kima da lodin da ya zarce ƙa'ida.

Mafi yawan ƙananan motocin da ke yawo a Nijar na hannu ne, waɗanda aka gama mora a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashoshin ruwan Kwatano ko Lome. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu Afirka suka nufa. A ƙasashen da suka baro, doka ce ta tilasta a saka musu kayan kariya. Na'urar da ke sa ido kan iskar taya ta zama dole a Amurka tun 2007. Wadda ke hana mota zamewa a kwana ta zama dole ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai daga 2014, kyamarar baya kuma a Amurka daga 2018. Ke nan ɗan kasuwar da ya ƙirga miliyoyin sefa ya sayi mota, ya biya duwan, ya biya kuɗin waɗannan kaya gaba ɗaya. Abin mamaki, sau da yawa cikin watannin farko ake raba shi da su, wani lokacin ma da roƙonsa.

Harshen tablo ba shi da wuya, launi uku ne zuwa huɗu. Ja na nufin a nemi gefen hanya a tsaya. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, ana iya ƙarasawa gari amma a nemi makaniki. Kore na sanar da cewa wani abu yana aiki, kamar sigina. Shuɗi kuwa na nuna babbar fitila na kunne, wadda ke kashe wa na gaba ido da dare, kuma direbobi da dama ba su ma san alamar tana tunatar da su su rage ba.

Cikin jajayen, biyu ne suka fi cin dukiyar mutane. Ta farko ita ce mai siffar ƴar buta da ɗigo a bakinta. Mutane da yawa na ɗauka tana cewa baƙin mai ya ɗan ragu, a ƙara in an isa. Abin da take faɗa ya fi haka muni: ƙarfin da ke tura mai cikin inji ya faɗi, ƙarfe na gugar ƙarfe. Tafiyar mintuna kaɗan a haka na iya sa inji ya buga. Ta biyu ita ce mai kama da ma'aunin zafi a cikin ruwa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin jihohin ƙasar, motar da ta ɗauko kaya har saman rufi ba ta da sauran sarari. Direban da ya ga wannan alama a tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni ya ce bari ya lallaɓa, yakan ƙare da ƙonannen gasket da fasinjoji a gindin bishiya. In kuma ya tsaya, kada ya yi gaggawar buɗe murfin lagireto, ruwan da ke ciki na iya watso masa a fuska. Akwai kuma mai siffar batir, wadda galibi ba batir ɗin take zargi ba, tana cewa ne caji ya daina shiga. A motoci da yawa bel ɗin da ke juya na'urar caji shi ne ke juya famfon ruwa, don haka in ya tsinke zafi na biye.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala, wanda ya kamata duk mai shirin sayen mota ya sani. In aka murɗa makulli zuwa matakin da tablo ke kamawa, kafin a tada inji, dukkan fitilun gargaɗi sukan kunnu tare. Motar ce ke gwada kanta. Bayan ƴan daƙiƙoƙi, ko da zarar inji ya tashi, sai su mutu. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Amma wadda ba ta kunnu ba sam ta fi ban tsoro, domin alama ce cewa an cire ƙwanta ko an yanke wayarta. Motar da ta yi hatsari a Amurka, jakar iskarta ta fashe, aka lallaɓe sitiyarin aka rufe babu komai a ciki, da wannan dabara ake sayar da ita a matsayin lafiyayya. Mai saye na duba fenti da sanyin na'urar sanyaya mota da ƙarar rediyo, ba ya duba wannan.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan makanikai. Da yawansu sun koyi sana'a a kan Peugeot 504 da tsofaffin Toyota, motocin da kunne da hannu ke gano cutarsu. Motar yau kwamfuta ce ke tafiyar da ita, kuma sai da na'urar bincike ake karanta abin da ke damunta. Wurin jona wannan na'ura yana ƙarƙashin sitiyari a duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu shan esansi na Turai tun 2001, amma garejin da ke da na'urar da wanda ya iya fassara abin da ta nuna ba su da yawa in aka bar manyan birane. Ga tsadar kayan gyara, ga jabu. Ga ƙura da ke shiga ko'ina, ga man ruwa-ruwa na bakin hanya da ba kowane lokaci yake da tsabta ba, waɗanda kan sa fitilar inji ta riƙa kunnuwa a kan ƙaramin abu. Mai motar da ya kai ta gareji sau uku a kan fitila ɗaya, kuɗi na fita ba sauyi, ba abin mamaki ba ne in ya ce a kashe masa ita ya huta.

Matsalar ita ce fitila ɗaya ce ke ba da labarin ƙaramin abu da babba. Wanda ya rufe ta saboda wata ƴar na'urar hayaƙi ya rufe ta ne har ranar da babbar matsala za ta zo. Kuma ba dukkan fitilu ne za a yi wa wannan uzuri ba. Fitilar inji takan jawo asarar kuɗi. Ta burki da ta jakar iska kuwa maganar rai ce.

Jakar iska ba ta aiki ita kaɗai. An ƙera ta ne domin mutumin da bel ya riƙe, tana fitowa cikin ƙiftawar ido da ƙarfin gaske. Wanda bai ɗaura bel ba, jikinsa na tafiya gaba daidai lokacin da jakar ke fitowa, sai kariyar ta koma duka. Yaron da aka ɗora a cinya a kujerar gaba, abin da ake gani kullum a titunan Yamai, shi ne ya fi kowa shiga hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, ta ce ɗaura bel na rage barazanar mutuwar na cikin mota har da kusan rabi. Ƙarar da direba ke maƙala bel ta baya domin ya kashe, wannan take tuna masa.

Shi ma burkin ABS rashin sani na hana a ci moriyarsa. Aikinsa shi ne ya hana tayoyi kullewa in aka taka burki da ƙarfi, domin direba ya iya juya sitiyari ya kauce. Lokacin da yake aiki, fedar burki kan yi rawa a ƙarƙashin ƙafa, ana jin gurnani. Direban da bai taɓa jin haka ba sai ya tsorata ya ɗaga ƙafa, ko ya shiga famfa burki kamar yadda aka koya masa a tsohuwar mota. Abin da ake so shi ne ya danne ya riƙe, ya kuma tuƙa. Amma a san cewa a kan rairayi ko hanyar burji, mota mai ABS na iya cin tazara mai tsawo kafin ta tsaya, saboda haka ba lasisin gudu ba ne. In fitilarsa ta zauna a kunne, burki na nan yana kamawa, taimakon ne ya tafi.

Wani tarkon da ba a cika magana a kai ba shi ne na motocin Amurka. Manyan lambobin da ke kan agogon gudunsu mil ne, kilomita na rubuce da ƙanana a ciki. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. Direban da allurarsa ke kan 80, yana jin bai yi komai ba, a zahiri yana dab da kilomita 130 a awa. A motoci masu allon lantarki ana iya sauya ma'aunin cikin minti ɗaya, in an san inda za a taɓa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, na masu sababbin motoci, manyan jami'ai da ƴan kasuwa da direbobin ƙungiyoyi, waɗanda matsalarsu ita ce yarda da na'ura fiye da kima. Tun watan Yulin 2024 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai ta zo da burkin gaggawa mai kama kansa, da mai taimakon riƙe layi, da mai gargaɗin gyangyaɗi. Nan da ƴan shekaru su ne za su cika kasuwar motocin hannu. Amma an gina su ne a kan titunan da ke da farin layi a fili da alluna a tsaye. Kyamarar da ke bayan gilashin gaba ba za ta bi layin da ya goge ba, ko wanda rairayi ya binne. Hazon hunturu da ƙurar da ta daskare a gilashi na rage mata gani. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019 ya nuna cewa na'urorin gano mai tafiya a ƙasa ba su yi wani tasiri da dare ba. To ina ga amalanken jaki marar fitila, ko garken shanu da ke tsallaka hanya mai lamba 1 bayan magariba? Haka ma na'urar riƙe gudu: a miƙaƙƙiyar hanya tana hutar da ƙafa, tana kuma gayyato barci. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na latsa babban allon tsakiya domin sauya waƙa ya kai rabin filin ƙwallo ba tare da ido a kan hanya ba.

Gyaran bai buƙatar biliyoyi. Hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya na iya buga alamomi goma mafi muhimmanci a takarda ɗaya, da hoto da bayani cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a liƙa a tashoshi da gareji da gidajen mai. Littafin da ke zuwa da mota, in ma ya iso, da Ingilishi ko Jamusanci yake, kuma dubban direbobi a bayan mota suka koyi tuƙi, daga wanki da ɗaurin kaya, ba a aji ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara sun fi kowace takarda isa gare su. Makarantun koyon tuƙi su daina tsayawa a haddar allunan hanya, su zaunar da ɗalibi gaban tablo, su kuma ba shi dama ya taka burkin ABS a fili sau ɗaya kafin ranar da zai buƙace shi. Sindikan direbobi, da ke da ikon hana mota lodi saboda kuɗin layi, suna da ikon hana ta saboda jar fitilar burki.

Babban nauyin yana kan cibiyoyin binciken lafiyar mota, wato bizit teknik. A Faransa, inda aka kwaikwayo tsarin, motar da fitilar jakar iskarta ke kunne ba ta wucewa sai an gyara an dawo. A nan ma ya kamata mai bincike ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli, ya ƙirga fitilun da suka kunnu da waɗanda suka mutu, ya ɓare duk salatef ɗin da ya gani kafin ya buga hatimi. Irin wannan binciken ya dace a yi wa kowace motar hannu tun ranar da za a ba ta lamba, domin dillalin da ya cire ƙwan fitila ya amsa tambaya kafin motar ta ɗauki fasinja na farko.