Tsofaffin kaset ɗin bidiyo a Makoɗa ba shara ba ne

A Makoɗa da Koguna, a waya matasa ke kallon fim yanzu, ko a YouTube ko ta hannun masu turawa. Kaset kuwa an bar wa zafi da ƙura.

Duk gidan da ke ajiye da Turmin Danya na 1990 ko Sangaya, tarihin Kannywood yake riƙe da shi. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 sai da aka gyara shi a Jamus kafin a sake nuna shi a Berlin a 2018. Finafinan kaset ba su samu wannan gata ba.

Ya kamata Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta tattara su, ta kwafe su a kwamfuta da izinin masu su, tun zaren bai ruɓe ba.