Ledwidge na Ailan da 'Yan Boma Namu

Ranar 31 ga Yuli 1917 aka soma gwabza yaƙi na uku a Ypres, ƙasar Beljiyam. A ranar ne wasu sojojin Ingila da ke gyaran hanya kusa da ƙauyen Boezinge suka zauna shan shayi, sai harsashin igwa ya faɗo a tsakiyarsu. Cikin waɗanda suka mutu har da Francis Ledwidge, las-kofur a rundunar Royal Inniskilling Fusiliers, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara talatin.

Ɗan talakawa ne daga Slane a ƙasar Ailan. Ya yi ƙwadago a gonaki, ya yi lebura a hanya, yana rubuta waƙa a tsakani. Mai kishin 'yancin ƙasarsa ne, amma a 1914 ya sa kakin Ingila, ƙasar da ke mulkinsu. Ya ga wuta a Galifoli a 1915, ya gan ta a Sabiya. Da aka yi boren Dublin a 1916, sojojin da yake sanye da kakinsu ne suka harbe abokinsa Thomas MacDonagh. Duk da haka ya koma fagen daga.

Mutanen Ailan wajen dubu 200 ne suka shiga yaƙin duniya na ɗaya. Da ƙasar ta samu 'yanci, sai aka rasa inda za a ajiye su: su ba gwarazan 'yanci ba, su ba Turawan Ingila ba. Aka ja baki aka yi gum. Sai a 1998 Shugaba Mary McAleese ta Ailan da Sarauniya Elizabeth ta Ingila suka tsaya tare a Messines ta Beljiyam suka buɗe dandalin tunawa da su. Amma mutanen Slane ba su jira gwamnati ba. Tun 1982 suka mai da ɗan gidan da aka haifi Ledwidge wurin tarihi.

Mu ma muna da irinsu. Difon soja na Zariya, wanda aka kafa a 1924, tafiyar yini ce a ƙafa daga Kudan ko Makarfi, kuma a yaƙin Hitila ta hannun hakimai da dagatai ake neman samari. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Arakan na ƙasar Boma a 1944 da 1945. Barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya duk daga can Boma suka samo suna. To, wuraren da aka mutu sun samu allo, waɗanda suka mutu fa?

A ganina faretin mazan jiya na 15 ga Janairu bai biya wannan bashi ba, domin a Abuja da manyan biranen jihohi irin su Kaduna ake yinsa, kuma ba a kiran sunan kowa. Sunaye suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Boma, inda aka zana na kusan mutum dubu 27 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Najeriya. Matsalar ita ce a wancan lokacin Bature yakan rubuta sunan gari a madadin sunan uba, saboda haka mutumin Ikara na iya zama "Zariya" a takarda. Abin da zai warware wannan shi ne lambar soja, wadda ke jikin takardar sallama da wasu jikoki ke ajiye da ita a ƙasan adaka. Malamin tarihi guda a sakandaren Ikara ko Hunƙuyi, da ɗalibansa da littafin rubutu, ya isa ya soma bin gidajen kafin damina ta cinye takardun.