Labari Ba Ya Ƙarewa Ranar Ɗaurin Aure

Yau wani tsohon fim na Amurka zan taɓo, domin ya sa ni tunani a kan marubutanmu.

Sunansa "I Do", na ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd. Ya fito a 1921, zamanin da fim ba ya magana, sai motsi da ɗan rubutu jefi-jefi. Lloyd ne angon, Mildred Davis ce amaryar, wadda kuma ya aura da gaske a 1923. Suna cikin zamansu lafiya, sai ɗan'uwan matar ya kawo masu 'ya'yansa biyu su riƙe masa, jariri da wani yaro sarkin ƙiriniya. Nan fa ido ya raina fata! Ango na fama da kwalbar madara, yaro na can yana ɓarna, dare ya yi barci ya gagara.

Da farko fim ɗin naɗi uku ne, na farkon duk neman aure. Da aka gwada shi gaban 'yan kallo ba su yi dariyar kirki ba, sai Lloyd ya yanke naɗin gaba ɗaya, aka taƙaita soyayyar da ɗan zane mai motsi. Bai ji ciwon wahalar da ya sha ba, tunda ya gane inda labarinsa yake.

To mu fa? Sau nawa muka karanta littafi na ɗaya, na biyu, na uku, duk zance ne da kallon-kallo, ana kai amarya sai mu ga "Alhamdulillahi"? Yara kuwa ba su da aiki sai a aike su: "Wai ana sallama da Anti." Alhali yaro ne ke tona halin mutum. Saurayi na iya haddace kalaman duniya, amma a miƙa masa jariri mai kuka da tsakar dare, a nan za a san ko mai haƙuri ne.

Na san za a ce soyayya ke sayar da littafi. Gaskiya ne. Amma Balaraba Ramat Yakubu ta shiga cikin gidan aure a "Alhaki Kuykuyo Ne", kuma ba ta rasa makaranta ba. 'Yan mata da samarin da ke karanta mu suna ɗaukar abin da muka nuna masu a matsayin aure. In muka tsaya a ƙofar ɗakin amarya, mun ba su rabin gaskiya.

A ƙarshen fim ɗin, bayan duk wannan azaba, ango ya ci karo da kayan jarirai da matarsa ta saƙa. Ashe nasa na tafe!

Allah ya sa mu dace, amin.