Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan fitowa mun ga ya dace mu ɗan jingine maganar ɗakunan kwana da ruwan famfo, mu taɓo wata na'ura wadda yawancinmu ba su taɓa ɗora ido a kanta ba, alhali kuwa karatunmu ya rataya a wuyanta. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Rajistar shekara, da biyan kuɗin makaranta, da duba sakamako, har da neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayu na 2024, duk ta intanet ake yin su. Ɗalibin da ya taso daga Rogo Ruma, ya biya kuɗin mota zuwa Karaye ko Kano domin ya cika takardunsa, aka ce masa shafin makaranta ya ƙi buɗewa, shi ya san abin da wannan magana take ci: kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi, wani lokaci ma ranar rufe rajista ta wuce shi yana layi.

Dalilan irin wannan tsaiko suna da yawa, akwai rashin wuta, akwai yankewar waya. Amma akwai guda wanda ba a cika faɗa ba, watau tsufan rauta. Ba ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ake ɗorawa bisa teburin ofis muke nufi ba, ko da yake danginsu ɗaya. Muna nufin babbar, mai kama da kabad ɗin ƙarfe, wadda ake kullewa a ɗaki mai sanyi a jami'o'i da bankuna da kamfanonin waya. Duk saƙon da ya fita daga wayar mutum, gunduwa-gunduwa ake yanka shi, kowane gutsure da adireshinsa, rauta kuwa ita ce mai duba adireshin ta ce wannan ta nan zai bi, wancan ta can.

Wanda ya san tashar mota ya riga ya fahimci rabin al'amarin. A cikin kabad ɗin akwai alluna iri biyu. Akwai allunan da wayoyi suke shiga, su ne kamar 'yan lodi, aikinsu ɗauka da saukewa cikin sauri. Sai kuma allo guda wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, kamar dattijon nan na tasha wanda ya san motar da za ta Gwarzo da wadda za ta Zariya, ya san gadar da ta karye jiya, ya san hanyar da za a zaga. Wannan allo shi yake gaisawa da maƙwabtan rautoci, ya ji labarin hanyoyin da suka buɗe da waɗanda suka toshe, ya rubuta su cikin kundi, sa'an nan ya miƙa wa 'yan lodi. To, idan garuruwa suka yi ta ƙaruwa, motoci suka ninka, dattijo kuwa yana nan da 'yar takardarsa ta shekara goma da ta wuce, ai ko an faɗaɗa ƙofar tasha, cunkoso bai tashi ba. Shi ya sa sau da yawa hukuma takan ƙara kuɗin da take biya domin a faɗaɗa mata layin intanet, amma ba a ga canji ba.

Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce. Ranar 12 ga Agusta, 2014, kundin hanyoyin intanet na duniya ya haura 512,000, bayan da kamfanin Verizon na Amurka ya sako dubban sababbin hanyoyi na ɗan lokaci. Sai ga shi wasu tsofaffin rautocin kamfanin Cisco, waɗanda tun daga masana'anta aka keɓe musu wurin da bai wuce kimanin wannan adadi ba, sun cika sun batse. Wasu suka koma tafiyar hawainiya, wasu suka riƙa zubar da saƙonni, manyan shafuna suka yi ta tangal-tangal a Amurka da Turai. Abin takaicin shi ne Cisco ya yi gargaɗi watanni kafin ranar, maganin kuma sananne ne: a sake raba wurin ajiyar, a kashe na'ura a kunna, ko a sa sabon allo. Masu na'urorin ne suka yi ta cewa sai gobe. Kundin nan bai daina girma ba, ya zuwa 2023 ya wuce 900,000.

Gaskiya ne rautar jami'a ba kasafai take ɗauke da kundin duniya duka ba, wannan nauyin manyan kamfanoni ne. Amma nata nauyin ma ƙaruwa yake yi, domin ɗalibin da ada ba ya da ko waya, yanzu yana da waya da kwamfuta, ga ofisoshi, ga ɗakin karatu, ga cibiyar jarrabawa. A shekarar 2014 aka ƙaddamar da NgREN, watau hanyar sadarwar da ta haɗa jami'o'in tarayya 27 da taimakon Bankin Duniya. Duk na'urar da aka kafa a wancan zamani, in ba a taɓa ta ba, yau ta haura shekara goma. Masu ƙera waɗannan kaya kuwa sukan sanar da ranar da za su daina sayar da kowane samfuri, da ranar da za su daina aiko masa da gyaran tsaro. Daga wannan rana, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a jikinsa tana nan buɗe, sakamakonmu da bayanan kuɗinmu kuwa ta nan suke wucewa.

Me ya sa ake jinkiri? Mu dai a ganinmu, laifin na'urar shi ne ba ta ɗaukar hoto. Idan shugaba ya gina ƙofar shiga mai ƙawa, za a yanka kyalle, a yi jawabi, a kafa allo da sunansa. Idan ya sayi wani faranti na ƙarfe aka zura cikin kabad da tsakar dare, ba mai tafa masa, iyakar ladansa kawai ba a ji kuka ba. Ga shi kuma da kuɗin waje ake sayo shi, tun da Naira ta faɗi a 2023 kuwa, kowace shekara ta jinkiri tana iya ƙara masa tsada.

Amma fa ba muna cewa a tashi da garaje a fizge allo a cusa wani ba. Gyaran gaggawa ya fi tsufa haɗari, kuma shaidar wannan a gida take. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne na Ikko yana cikin aikin inganta hanyoyinsa, sai aka yi kuskure wajen saitin da yake tace hanyoyin da zai sanar wa maƙwabta. Nan take saƙonnin da suka nufi Google suka karkata suka bi ta Sin da Rasha, aka yi sama da awa guda ana wannan hali, duniya ta ɗauka fashi aka yi. Kamfanin ya fito ya ce kuskure ne, ya gyara. Idan gwanaye masu wayar ƙarƙashin teku suka yi tuntuɓe haka, ina ga ɗan kwangilar da bai taɓa buɗe irin wannan kabad ba?

Aikin yana da ƙa'ida. Ana fara kwafe saitin na'urar duka a adana. A tabbatar sabon allo zai zauna da manhajar da ke ciki, da sauran alluna, da ƙarfin wutar kabad ɗin. Manyan rautoci suna da gurbin ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana jiran ko-ta-kwana. Sai a fara canza mai jiran, a bar ta ta kwashi kundi daga 'yar'uwarta, a miƙa mata ragama, sa'an nan a canza ɗayar. Inda aka yi tsimi aka sayi guda ɗaya tak, dole a kashe komai, shi ya sa ake zaɓar dare. Mai aikin yakan ɗaura wani zare a wuyan hannu domin kada lantarkin jikinsa ya ƙona allon, tsohon kuma ba a jefar da shi sai an ga sabon ya zauna daram.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu shiga ofis, wata rana fayil zai zo teburinku ana neman miliyoyi domin allo guda. Kada ku yi dariya ku tura shi ƙarƙashin tari, kada kuma ku sa hannu ido rufe. Ku tambaya: yaushe aka sayi na yanzu, yaushe masu shi za su daina kula da shi, daga hannun wa za a sayi sabon? Jabu yana yawo a wannan kasuwa. A 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda suka kai har asibitoci da makarantu da sansanonin soja. Abin da ya shiga barikin Amurka ba zai ji nauyin shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Saboda haka wannan mujalla tana roƙon hukumomin manyan makarantunmu su buɗe rajistar waɗannan na'urori, kowace da ranar sayenta da ranar ƙarewar wa'adinta, a kuma ware kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara maimakon a jira ta mutu. A sa ma'aikatan makaranta su tsaya kan aikin tare da ɗan kwangila, a bar ɗaliban sashen kwamfuta su kalla, tsohon allon kuma a kai musu ɗakin gwaji su koyi aiki da shi. A yi canjin lokacin hutu, nesa da makon rajista da na jarrabawa, a kuma sanar da ranar tun da sauran mako biyu, domin na Rogo Ruma da na sauran ƙauyuka su san ranar da ba za su shiga mota ba.